Yadda Ake Tsara Rabon Fili a Teku Tsakanin Masu Amfani da Shi

A watan Agustan 2012 angar wani jirgin ruwa, wato ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi, ta fasa bututun gas ɗin da ya taso daga Najeriya ya bi ta ƙarƙashin teku zuwa Benin da Togo da Gana. Abin ya faru ne a kusa da Lome, kuma sai da aka shafe kusan shekara guda gas bai gudana ba, tashoshin lantarkin Gana da suka dogara da shi suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, jama'a suka kwana cikin duhu. Duk da cewa rikici da 'yan fashin teku ne ya jawo wannan ɓarna, ta nuna wa kowa cewa inda jirage ke jefa anga da inda bututu ke kwance fili ɗaya ne. Wanda ya tsaya a gaɓa yana ganin teku fayau, babu shinge babu iyaka, alhali a cikinta akwai hanyoyin jiragen dakon kaya, da rijiyoyin mai, da wayoyin intanet, da wuraren haƙar yashi, da filayen atisayen sojan ruwa, da matattarar kifi inda dubban masunta ke neman abinci, kuma kusan kowane ɗaya daga cikinsu wata hukuma dabam ce ta ba shi izini ba tare da ta tambayi 'yar'uwarta ba.

Tsarin rabon fili a teku shi ne aikin da gwamnati ke yi, tare da masu amfani da tekun, na yanke shawarar wane aiki za a yi a wane wuri, a wane lokaci, kuma bisa wane sharaɗi. Duk wanda ya tashi a ƙasar noma da kiwo ya san abin da ke biyo baya idan aka nome burtali ko aka tare mashaya, don haka manufar ba baƙuwa ba ce a gare shi. Bambancin kawai shi ne teku hawa-hawa ce: akwai saman ruwa, da cikinsa, da ƙasansa, da abin da ke binne a ƙarƙashin ƙasan, ga shi kuma kifi ba ya tsayawa inda aka shata masa. Hukumar UNESCO mai kula da binciken teku ta fitar da jagorar wannan aiki a 2009, Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2014 wadda ta wajabta wa ƙasashenta masu gaɓa su kammala nasu tsarin kafin ƙarshen watan Maris na 2021. Ga yadda aikin yake tafiya idan ana so ya yi amfani.

A fara da sanin mai iko

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da zanen taswira. Taswira mai launi-launi tana da daɗin kallo a taron bita, amma idan hukumar da ke ba da lasisin haƙar mai ko haƙar yashi ba ta da wani tilas na bin ta, to ado ce kawai. Saboda haka aikin farko shi ne a zauna a rubuta, hukuma bayan hukuma, wace doka ce ta ba ta iko, a kan me, kuma daga ina zuwa ina. A Najeriya, alal misali, NPA ce ke riƙe da tashoshin jiragen ruwa, NIMASA na kula da lafiyar zirga-zirgar jirage, NUPRC na ba da izinin haƙar mai tun bayan dokar man fetur ta 2021, NOSDRA na bin sawun malalar mai, rundunar sojan ruwa na tsaro, sannan ga gwamnatocin jihohi takwas da ke bakin teku, daga Legas zuwa Kuros Riba, waɗanda ƙasar gaɓa ke hannunsu. A 2002 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa iyakar waɗannan jihohi ta tsaya ne inda ruwa ke janyewa, abin da ke gaba da nan na tarayya ne. Kafa Ma'aikatar Harkokin Teku a watan Agustan 2023 ya tara wasu daga cikin hukumomin a inuwa guda, sai dai mai da gas, waɗanda su ne mafi nauyi a cikin ruwan, suna wata ma'aikata dabam.

Bayan dokokin gida sai a duba na duniya, domin ikon ƙasa yana raguwa ne gwargwadon nisa daga gaɓa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa cikakken iko a mil 12 na farko, tare da sharaɗin barin jiragen wasu ƙasashe su wuce cikin lumana. Daga nan zuwa mil 200 ƙasar tana da haƙƙin kifi da ma'adinai da makamashi, amma ba ta da ikon hana jirage wucewa ko hana wata ƙasa shimfiɗa wayar sadarwa. Mil ɗin teku kuwa mita 1,852 ne. Ma'anar wannan ita ce akwai abubuwan da mai tsari zai iya umartawa, akwai kuma waɗanda sai dai ya nema, kamar sauya hanyar jiragen ƙasa da ƙasa, wadda sai Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya da ke Landan ta amince.

Ƙasashe sun bi hanyoyi dabam-dabam wajen ɗora wa wani alhakin aikin. Beljiyam ta naɗa minista na musamman kan Tekun Arewa a 2003, Birtaniya ta yi doka a 2009 ta kafa sabuwar hukuma, Afirka ta Kudu kuwa a dokarta ta 2018 ta zaɓi ta tara ma'aikatun da ke akwai a kwamiti guda. A ganina ƙirƙirar sabuwar hukuma ba dole ba ne, sau da yawa ma ƙarin baki ne a kan akushi. Abin da ba makawa sai da shi shi ne jumla guda a cikin doka wadda ta ce duk wani izini da za a bayar a teku dole ya dace da tsarin, kuma wanda ya saɓa masa za a iya soke shi a kotu.

A shata iyakar aikin, a haɗa da tudu

Sai a yanke faɗin yankin da za a tsara, da shekarun da tsarin zai yi aiki, da inda kuɗin aikin zai fito har bayan an gama rubuta shi. Ƙasa mai doguwar gaɓa ba sai ta ɗauki duka a lokaci guda ba. Ingila ta kasa ruwanta yanki-yanki, ta fara da na gabas a 2014. Gaɓar Najeriya ta kai kimanin kilomita 850, kuma matsalar Lekki, inda sabuwar tashar jiragen ruwa da matatar mai ke maƙwabtaka da ƙauyukan masunta, ba ita ce matsalar Bayelsa ba.

Wajibi ne kada iyakar nazari ta tsaya a bakin ruwa, domin abin da aka gina a gaɓa yana sauya teku, abin da aka yi a teku kuma yana cin gaɓa. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka sun gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar Legas don kada yashi ya toshe hanyar jirage. Hanyar ta buɗe, amma yashin da igiyar ruwa ke kwasowa daga yamma zuwa gabas ya riƙa taruwa a bayan katangar yamma, gaɓar da ke gabas, wato Bar Beach, ta rasa mai ciyar da ita, teku ta yi ta cin ta shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawa titunan Victoria Island. An biya buƙatar jirage, an bar wa jikoki bashin. Irin wannan ne ya sa dole masu tsara birane da masu kula da koguna su kasance a teburin tun ranar farko.

Manufar tsarin kuma a rubuta ta yadda za a iya aunawa. Tsibiran Seshel sun ce za su kare kashi 30 cikin ɗari na ruwansu, suka ɗaure alkawarin da yarjejeniyar sauƙaƙa bashi ta kimanin dala miliyan 21, suka kuma cika shi a watan Maris na 2020. Kalmomi irin su bunƙasa tattalin arzikin teku ba sa raba gardama ranar da kamfanin mai da masunta suka nuna wuri ɗaya.

A tattara bayanin abin da ke cikin ruwan

Nan ne mafi yawan lokaci ke tafiya. Ana buƙatar bayani iri biyu. Na farko shi ne na halitta: zurfin ruwa, yanayin ƙasan teku ko yashi ne ko laka ko dutse, inda kifi ke zuba ƙwai, inda kunkurun teku ke hawa gaɓa, da kurmin da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, wanda shi ne gidan renon ƙananan kifaye da jatan lande. Na biyu shi ne na ayyukan ɗan Adam, na yau da waɗanda aka riga aka ba wa izini ko da ba a fara ba. Kowane bayani a ɗora shi a kan taswira guda a kwamfuta, shafi bisa shafi, don a ga inda suka hau kan juna.

Beljiyam ta zama abin misali a nan saboda ƙanƙantar rabonta. Gaɓarta ba ta kai kilomita 70 ba, ruwanta kuma kimanin murabba'in kilomita 3,450 ne, ga shi yana kan ɗaya daga cikin hanyoyin jirage mafi cunkoso a duniya, wadda ke kaiwa tashar Antwerp. Da masana na Jami'ar Ghent suka tara filin da kowane sashe ke nema, sai suka tarar jimillar ta ninka filin da ake da shi fiye da sau biyu da rabi. Wannan lissafi ne ya gamsar da mutane cewa ba a iya ba kowa abin da ya nema, dole wasu ayyuka su zauna tare. Taswirar ta kuma tuna musu da abin da da yawa suka manta: a kusa da garin Knokke da ke gaɓar ƙasar akwai wani tudun yashi a cikin ruwa inda aka zubar da dubban tan na harsasai da bama-bamai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma har yau an hana jefa anga ko jan taru a wurin.

Akwai tarko guda da ya kamata mai wannan aiki a Afirka ta Yamma ya kiyaye. Manyan jirage suna ɗauke da na'urar da ke sanar da inda suke, ana kuma ganinsu ta tauraron ɗan Adam, kamfanonin mai suna da takardun filayensu da lambobi, masu wayoyin sadarwa ma haka. Mai kwale-kwale ba shi da ko ɗaya. Idan aka dogara da bayanan da ke ofis kawai, wurin da masunta dubu ke kamun kifi zai fito a taswira fari fat kamar babu kowa, sai a ba wani. Maganin wannan shi ne a sauka zuwa inda ake sauke kifi, a zauna da shugabannin masunta da taswira a shimfiɗe, su nuna inda suke zuwa a kowane wata, da irin tarun da suke amfani da shi, da hanyar da suke bi su fita su dawo. A tambayi matan da ke banda kifi suna sayarwa, domin su ne suka san watan da kifi ke yawa da watan da yake ɓacewa. Masunci ba ya son bayyana wurin sa'arsa ga abokin gasa, don haka a yi alkawarin cewa za a nuna yankin ne a dunƙule, kuma a cika alkawarin.

A raba, amma ba da wuri kaɗai ba

Idan bayani ya kammala, sai a ɗauki ayyukan biyu-biyu a tambaya: waɗannan za su iya zama wuri guda, ko sai da sharaɗi, ko ba za su taɓa haɗuwa ba? Jan taru a ƙasan teku da wayar sadarwa ba sa haɗuwa. Jirgi mai wucewa da bututun da aka binne suna haɗuwa matuƙar bai jefa anga ba. Daga nan a fara zaunar da abubuwan da ba sa matsawa, kamar rijiyar mai, da mashigar tasha mai zurfi, da wurin da kifi ke hayayyafa, sannan a nema wa masu iya matsawa wuri a kewayensu.

Jamus, a tsarinta na 2009, ta yi amfani da mataki biyu masu sauƙin fahimta. Akwai wurin fifiko, inda aiki guda ke gaba kuma ba a yarda da duk abin da zai hana shi ba, akwai kuma wurin da aka ba wani aiki nauyi na musamman ba tare da an kori saura ba. Ragowar teku a bar ta a buɗe. Bai kamata a cika taswira da launi har babu sauran fili ba, domin akwai sana'o'in da ba a san da su ba yau waɗanda za su zo neman wuri gobe, kamar yadda shekaru hamsin da suka wuce babu wanda ya ware fili don injinan lantarki masu aiki da iska.

Sau da yawa ɗan gyara kaɗan ya fi hani amfani. A 2007 an karkatar da hanyar jiragen da ke shiga Boston a Amurka kaɗan zuwa arewa, bayan bayanan shekaru masu yawa sun nuna cewa tsohuwar hanyar ta ratsa inda manyan dabbobin teku da ake kira wel ke taruwa suna kiwo. Tafiyar jirage ta ƙaru da 'yan mintoci, haɗarin banke dabbobin kuma ya ragu ƙwarai. Ana iya rabawa da lokaci, kamar a hana binciken mai da ke amfani da ƙara mai ƙarfi a watannin da kifi ke ƙwai. Ana iya rabawa da zurfi, kamar yadda tsohuwar dokar kamun kifi ta Gana ta 2002 ta keɓe wa ƙananan masunta ruwan da ke kusa da gaɓa bisa nisan mil 6 ko zurfin mita 30. Ana kuma iya haɗa biyu a wuri guda: Beljiyam ta ware murabba'in kilomita 238 a gefen iyakarta da Holan don injinan iska, waɗanda suka kai ƙarfin megawat 2,200 da 'yan kai a ƙarshen 2020, ta hana jirage ratsa tsakaninsu, amma ta buɗe ƙofar gwajin kiwon halittun ruwa a cikin filin.

Kowace dabara tana da farashinta, kuma gara a faɗe shi tun da wuri. Tara wayoyi da bututu a layi guda yana rage filin da ake hana masunta, yana kuma sauƙaƙa gadi, amma ranar da ƙasa ta zaftare a ƙarƙashin teku duk sai su tafi tare. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu suka katse a lokaci guda a gaɓar Kodebuwa, bankuna da kamfanonin waya a Najeriya da Gana da maƙwabtansu suka shiga matsala, har wanda ke Kano ko Zinder ya ji a jikinsa. Haka nan dokar duniya ta yarda a killace mita 500 a kewayen kowane dandalin haƙar mai. Tun da aka fara haƙar mai a filin Jubilee na Gana a 2010 masunta ke ƙorafin cewa fitilun dandalin suna jan kifi zuwa inda aka hana su shiga. Killacewar tana da hujja ta tsaro, ƙorafin ma yana da hujja, kuma tsari nagari shi ne wanda ya hango wannan kafin a kafa dandalin.

A saurari jama'a, a tanadi diyya

Kada a kira mutane bayan an gama yanke hukunci a ce ana neman shawararsu, domin suna ganewa. A fito da zaɓi biyu ko uku, kowanne da bayanin wanda zai samu da wanda zai rasa, a kai su garuruwan gaɓa cikin harshen mutanen wurin, sannan a buga amsar da aka ba kowane ƙorafi. Da Ostareliya ta sake rabon yankin duwatsun murjani na Great Barrier Reef a 2004, ta karɓi takardun ra'ayi sama da 31,000, ta kuma faɗaɗa wuraren da aka hana kamun kifi daga ƙasa da kashi 5 zuwa kimanin kashi 33 cikin ɗari. Abin da ba a cika ambata ba shi ne kuɗin tallafa wa masunta da 'yan kasuwar da abin ya shafa ya haura dalar Ostareliya miliyan 200, ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙiyasta da farko. Ƙasar da ba ta da irin wannan aljihu sai ta yi hattara da yawan abin da za ta rufe a tashi ɗaya.

Maƙwabta ma a sanar da su, tun da malalar mai da garken kifi ba su san kan iyaka ba. Inda iyakar kanta ke da gardama sai an warware ta tukuna, kamar yadda Gana da Kodebuwa suka je kotun dokar teku da ke Hambug aka raba musu a 2017, ko a ajiye gardamar a yi tarayya, kamar yadda Najeriya da Sao Tome suka amince a 2001 su raba arzikin wani yanki kashi 60 da 40. Ƙasar da ba ta da gaɓa ma tana da ruwa da tsaki: ɗanyen man Nijar da ke tasowa daga Agadem yana bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a Benin, inda aka fara loda shi a jirage a 2024, kayan 'yan kasuwarta kuma ta Kwatano da Lome suka saba shigowa.

Aiwatarwa da sake dubawa

Da zarar an sa hannu, sai a shigar da iyakokin cikin taswirorin da matuƙa jirage ke amfani da su, a rubuta su cikin sharuɗɗan kowane lasisi, a kuma fayyace wanda zai kama mai laifi da kotun da za ta hukunta shi. Dokar Najeriya ta hana manyan jiragen jan taru aiki a mil 5 na farko daga gaɓa tun shekarun 1990, amma ƙananan masunta ba su daina kukan cewa ana shigowa da dare ana yayyaga musu taru ba. Hanya mafi araha ita ce a wajabta wa kowane babban jirgin kamun kifi na'urar bin sawu a matsayin sharaɗin lasisi, a kuma ba masunta lambar da za su kai rahoto da tabbacin cewa za a amsa.

A zaɓi ma'aunai kaɗan waɗanda za a iya bibiya kowace shekara da kuɗin da ake da shi, kamar yawan kifin da ake saukewa, da yawan karo tsakanin jirage da taruna, da mitocin da teku ta ci a gaɓa, da tsawon lokacin da izini ke ɗauka kafin ya fito. Dokar Tarayyar Turai ta ce a sake duba tsari aƙalla duk shekara goma. Beljiyam da farko ta ɗauki shekara shida: tsarinta na farko mai ƙarfin doka ya fara a 2014, na biyu a 2020, kuma a na biyun ne ta ƙara sabon filin injinan iska can nesa da gaɓa, bayan na farkon ya cika. A daidai wannan lokaci matakan taƙaita jan taru da ta rubuta tun 2014 don kare ƙasan teku sun maƙale, saboda jiragen maƙwabta ma suna kamun kifi a wurin kuma sai an bi ta Tarayyar Turai kafin dokar ta hau kansu, don haka aka sake ɗaukar batun zuwa zagaye na gaba.